Jinkar Inna Hure

A bakin rijiya Muntaka ya fara ganin Zulaihatu, shekarar da fari ya cinye gonakin ƙasar Minjibir. Ruwa ya yi nisa, igiyar guganta ta kasa kaiwa, tana tsaye kamar ta yi kuka. Ya ƙulla mata tasa. Tun ranar ta raɗa masa Mai Igiya, shi kuwa bawan Allah ko ɗan tuwon da ake samu ba ya shiga sai ya gan ta.

Mahaifinta, Malam Iliyasu, bai ƙi shi ba. Sai dai a garin ba a kai amarya kango.

"Ka rufe ɗakinka kafin damina, ɗana," ya ce. "Hadi mai hatsi na Ɗambatta ma ya turo, kuma nasa na kwano ne."

Bango kam Muntaka ya gina. Amma ina ciyawar jinka? Ba ta fito ba, karan ma dabbobi sun cinye. Ya taka har fadama, ya dawo daga shi sai laujensa.

"Zulai tawa, dabara ta ƙare mini," ya ce mata a zaure.

"Ni ko gindin tsamiya ne zan zauna da kai, Mai Igiya. Amma ba ni ke da magana ba."

Suka rabu, kowa yana ɓoye hawayensa.

Wata safiya ya dawo daga daji, ya tarar da maza sun kewaye ɗakin mahaifiyarsa, Inna Hure. Sun sa kafaɗa sun ɗaga jinkar ɗungurungum, wadda marigayi babansa ya yi da hannunsa, suna tafiya da ita wajen kangonsa. Kayan tsohuwar na zube a rana.

"Inna, ke fa?"

"Madafa ba ɗaki ba ce? Matsa, kana tare musu hanya."

Ya matsa gefe. Kunya da tausayi suka kama shi, ya tsaya yana kallo.

Ranar Juma'a aka ɗaura aure. Da gari ya waye amarya ta ga jinkar baƙi ƙirin da tsohon hayaƙi, ta tambaya, ya gaya mata. Ta je ta durƙusa a ƙofar madafa tana kuka.

Inna Hure ta dafa kanta.

"Tashi, 'yata. A ƙarƙashinta na haifi mijinki. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa ke ma ki haihu a ƙarƙashinta ina raye."