Tayar Baya ta Babur ɗin Yaya

Ya tarar da ita zaune a tsakar gida, sifana a hannu, tana kallon tayar bayan wani babur. Shi ne sabon ɗan hayarsu, ma'aikacin jinya. Babur ɗin na Yayanta ne, wanda ya rasu wata huɗu da suka wuce. Tun daga ranar ba ta yi kuka ba, ba ta yi dariya ba.

"Sannu da aiki. A kama miki?"

"Riƙe min kan babur ɗin kawai. Tayar ce ta sace."

Ya riƙe. Ta cire sandar birki, ta sassauta sarƙa, ta kwance noti, ta zare ƙarfen tsakiya. Ta jera komai a kan tsumma yadda Yaya yake yi. Shi ya kai tayar wurin mai faci. Washegari suka mayar da ita tare, sai da suka sake kwancewa sau biyu kafin ta zauna daidai.

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Injiniya, ya hannun? Na ga ƙarfe ya yanke ki."

"Da sauƙi," ta rubuta.

Wata uku yana turo saƙo, amsarta ba ta wuce kalma biyu. Ranar da ya ce yana sonta, ta dube shi kai tsaye.

"Ni fa ba na jin komai. Ko kai ɗin ban sani ba."

"Ban ce sai yau ba, Injiniyata."

Da ya je wa Mama da maganar, ita ce ta ƙi. "Yarinyar da ba ta dawo hayyacinta ba za ka zo wa da maganar aure? Ka fita harkarta."

Ya ce to, ya daina turo saƙo. A kwana na tara ta sami Mama tana ninke kaya.

"Mama, tun rasuwar Yaya ban san kwana yana da tsawo ba sai wannan makon."

Mama ta daɗe tana shafa rigar da ke cinyarta. "Ki ce ya turo manyansa."

Ranar auren kowa ya yi hawaye ban da amarya. Mama ta haɗa hannuwansu, ta ce Allah ya yi albarka, ya ba su zaman lafiya.

A cikin mota ya sunkuyo. "Me kike ji?"

Ta duba zuciyarta da gaske.

"Yunwa," ta ce.

Ya ce da direba ya tsaya a shagon farko da ya gani.