Rigar Kamun Mardiya

"Mardiya! Wai ke mi ka damunki ne? Tun hantsi nika bin ki da tukuɗin ga!"

Inna Hinde ce tsaye a tsakar gida da ƙwarya a hannu, tana hararar ɗiyarta. Bikin Mardiya da Zubair ɗan Kebbe ya matso, kuma a gidan nan na Tambuwal ba a kai amarya a rame. Sai an ɗura mata tukuɗi, damun nan na gero da dabino, da romon kaza har kumatunta sun yi sheƙi.

"Na ƙoshi, Inna," in ji Mardiya, ta shige ɗaki.

Ƙoshin ina! Rabonta da tuwo har ta manta. Ranar da aka kawo lefe ne abin ya samo asali. Anti Najiba, yayar Zubair, wadda ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta ɗinko rigar kamu a Sakkwato, mai duwatsu, ba tare da ta sa an auna amarya ba. Da aka gwada, riga ta zo ƙugu ta tsaya cak.

"Ai riga ba ta da laifi, latest design ce," Najiba ta ce a gaban mata. "Mai shigarta ce ta yi yawa." Sannan ta ja Mardiya gefe ta danƙa mata kwalbar ƙwayoyin rage ƙiba. "Safe da yamma. In ba ta shige ki ba, wallahi sai a ɗaga biki, ni ba a kunyata ni gaban friends ɗina."

Kowa ya san Zubair bai taɓa tsallake maganar yayarsa ba, kuma bikin da aka ɗaga sau da yawa ba ya dawowa. Mardiya na son Zubair, so ba na wasa ba. Don haka ta sha.

Yunwa kam ta ɗauke. Amma baki ya bushe, barci ya ƙaura, zuciya ta riƙa dukan ƙirji kamar ana sakwara, ga zaryar bayi ba iyaka. Ranar Talata tana tsaye gaban allo a firamaren da take koyarwa, sai ta ga alli ya zama biyu. Ihun yara kawai ta ji, ta farka a asibiti ana ƙara mata ruwa.

"Abin da ya fita jikinki ruwa ne, ba kitse ba," nas ta gaya mata. "Kina ci kina sha zai dawo. Mai bukatar irin wannan magani likita ke auna shi ya rubuta masa, ba a sayen sa a kwalba marar suna."

Haka kuwa aka yi. Kafin mako ya zagayo, siket ɗinta ya kama ta kamar da. Wahalar banza!

Sai ga Najiba ta zo dubiya, Zubair na biye da ita ya tsaya bakin zaure. Bayan an gaisa ta buɗe jaka ta fito da wata kwalbar. "Waccan ta yi miki ƙarfi. Wagga mild ce, ita nika sha."

Mardiya ta tashi zaune. Ta jawo akwati, ta ciro rigar kamu, ta ɗora kwalbar a kai, ta tura gaban Najiba.

"Anti, ki yi haƙuri, ba ni ƙara sha. Ko ƙwaya guda!"

"Ni kike gaya wa haka?"

"Ke da kike shan ta shekara da shekaru, Anti, mi ta rage miki? Ni saura kaɗan ta rage ni gaba ɗaya. In riga ɗan'uwanki zai aura, ga ta nan, a ɗaura da ita!"

"Ke Mardiya, kama bakinki!" Inna ta daka mata tsawa, amma fa ba ta ce ta ɗauki kwalbar ba.

Najiba ta miƙe tana huci, ta suri riga. "An fasa! Zubair, wuce mu tafi!" Ya bi ta, ko waiwaye babu. Wannan tafiyar tasa ya fi komai ƙona ran Mardiya. Ta yi kuka har idanunta suka kumbura, ƙawaye suka ce ta je Kebbe ta durƙusa ta ba da haƙuri. Ta ce rashin kunyar da ta yi za ta nemi gafara a kai, amma ƙwaya kam ba za ta ƙara sha ba ko sama da ƙasa za su haɗe. Ta share hawaye, ta karɓi ƙwaryar Inna ta shanye tukuɗin tas.

Ana nan, ran nan da hantsi sai ƙarar babur a ƙofar gida. Zubair ne, bayansa kuma Najiba ta sauko daga mota tare da wata tela mai igiyar awo a wuya.

"Na durƙusa wa Yaya har ta saurare ni," in ji Zubair da Mardiya ta fito zaure. "Na ce mata ban taɓa saɓa mata ba, amma ranar da kika faɗi na san abin da na kusa rasawa. Ke nika so, Mardiya, yadda Allah ya yi ki."

Mardiya ta durƙusa gaban Najiba. "Anti, ki yafe min maganar da na yi."

Najiba ta kau da kai, idonta ya cika da ƙwalla. "Maganar ta yi zafi, amma ban samu amsarta ba. Ni ma zuciyata ta daɗe tana bugawa haka, na je likita ya ce in daina shan ƙwayar." Ta juya ga tela. "To mi kike jira? Auna ta, a buɗe rigar ga!"

Inna Hinde ta rangaɗa guɗa har kaji suka watse.

Ranar kamu Najiba da kanta ta fesa wa amarya turare, riga ta zauna ɗas a jikin Mardiya. Ku 'yan mata, ku riƙe wannan: haƙuri da dangin miji ado ne, amma lafiyarku amanar Allah ce, ba a ba da ita don wani ya yaba. Tela ake kai wa riga in ta matse, ba a kai mai ita gadon asibiti.