Shanun Babayo da Faifan da Aka Ce Ya Lalace

Shanu tara ne kwance a mace a bayan rugar Babayo da ke gefen Kuru, ciki a kumbure, kumfa a baki. Ko da Sufeto Zulaihatu ta iso, matasan rugar sun taru da sanduna, kowa idonsa na kan gonar dankalin Rwang a ƙetaren rafi.

"Shi ne, ranki ya daɗe," in ji Babayo. "Makon jiya muka yi cacar baki kan hanyar mashaya. Guba ya zuba a ruwa."

Zulaihatu ta san inda irin wannan magana kan kai a yankin nan kafin rana ta faɗi. Ta roƙi dattijon ya ba ta wuni ɗaya.

Rwang bai yi doguwar magana ba. Ya nuna mata awakinsa suna shan ruwan rafin. "Madam, yarana ma shi suke sha." Ta cire shi daga lissafi.

Da ta sake matsa wa Babayo, sai ya tuna cewa ran Litinin Zubair, ma'aikacin asibitin dabbobi na Dakta Ishola, ya zo ya yi wa wasu shanun allurar tsutsar ciki. Waɗanda aka yi wa ne kaɗai suka mutu.

Dakta Ishola ya nuna mata shaidar yana Ilori duk makon. Ya ce kowace kwalbar magani da ta fita daga sito ana shigar da lambarta a wani faifan ajiya da ke jone da tsohuwar kwamfutar asibitin.

"Ai faifan ya lalace, oga," in ji Zubair, ya zaro shi daga aljihun tebur. "Jiya da safe na ga gargaɗi da jan rubutu, wai tsarin fayiloli ya lalace. Shi ya sa na cire shi."

"A ina ka gani?" in ji Zulaihatu.

"A nan, kan kwamfutar nan."

Zulaihatu ta kwashi faifan da kwamfutar ta nufi unguwar Dutse Uku, shagon Yemisi mai gyaran kwamfuta. Yemisi ta jona faifan a sabuwar na'urarta, jan rubutun ya fito. Sufeto ta miƙe za ta tafi.

"Dakata, anti," in ji Yemisi, tana bin bayanan a hankali. Can ta yi tsaki. "Gargaɗin nan ƙarya yake yi. Kowane faifai yana da jadawalin da ke nuna inda kowane fayil yake. Na wannan, da tsohon tsari aka rubuta shi, na sama da shekara goma. Sabuwar manhaja ta nemi wasu alamomi ta rasa, sai ta ce lalacewa ce. Komai na nan lafiya."

Ta kwafe faifan duka a wani wuri, sannan ta sabunta jadawalin kwafin. Gargaɗin ya ɓace. Ran Litinin babu kwalba ko ɗaya da ta fita daga sito.

"Ita tsohuwar kwamfutar, tana iya nuna gargaɗin?"

"Ko kusa. Yarensu ɗaya da faifan." Yemisi ta jona ainihin faifan a jikin tsohuwar kwamfutar, ya buɗe ba ko tari.

Da azahar Zulaihatu ta zaunar da Zubair a ofis.

"Kana da kwamfuta a gida?"

"Ina da ita. Sabuwa ce."

"To a can ka ga jan rubutun, don ta asibiti ba ta iya nuna shi. Ka kai faifan gida don ka shigar da kwalbar da ba ta taɓa fita daga sito ba. Da ka ga gargaɗi, ka ɗauka Allah ya rufa maka asiri, ka dawo da shi ba ka taɓa komai ba. Wace allura ka yi wa shanun?"

Zubair ya ce, "A kasuwa na saya. Ba ta da lamba. Wallahi na sha yi da ita, ba abin da ya taɓa faruwa."

Kafin la'asar Zulaihatu ta koma ruga, ta faɗa musu abin da Zubair ya yi. Matasan suka sauke sanduna ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya iya kallon wani. Babayo ya saurare ta har ƙarshe, sannan ya tsuguna.

"Ranki ya daɗe," ya ce, "ni na riƙe masa su da hannuna yana soka musu allurar."