Mai Mayar da Duwatsu

In la'asar ta yi sanyi, Zubair yakan shimfiɗa tabarma a tsakar gidansa a Gwandu, ya buɗe kwamfuta. Aikinsa shi ne gano yadda duwatsu suka goce daga mazauninsu a inda ƙasa ta tsage. Ya auno wani tsauni a bayan ƙauyen Maruda, na'urar kuma tana zana masa dutsen yana darewa, ɓari ɗaya yana zamewa ya danne ɗaya. In ya mayar da hoton baya, sai komai ya haɗe kamar bai taɓa fashewa ba. 'Yarsa Rahmatu, wadda uwarta ta rasu bara, wannan komawar ta fi so.

Wata rana, gab da magariba, tsakuwa ta faɗo kan kwanon ɗaki. Wata ta biyo. Kaji suka yi tsit. Rahmatu ta zube a gindin randa, ta miƙe da muryar tsohuwa.

Zubair, da ko labarin aljanu ba ya tsayawa ji, shi ne washegari har Kalgo a kan babur, ya ɗauko Malam Ɗalha mai ruƙiyya. Malam ya daɗe yana karatu kafin ya tambaya.

"Mi kika biɗa ga yarinyag ga?"

"Tsaunin nan gidana ne," in ji muryar. "Ran da dutsi ya zame, ɗiyana suna ciki. Na biyo ubanta, na ga shina maida duwatsu wurinsu. Shi maido min nawa, in sake mai tashi."

Tausayi ya kama Zubair har ya fi tsoron.

"Baiwar Allah, hoto ne kawai," ya ce. "Da ina iyawa, da uwatta na fara maidowa."

Muryar ta sassauta.

"To a nuna min sau guda, in tafi."

Malam ya karɓi alkawarinta, ya gyaɗa kai. Zubair ya buɗe kwamfuta, ya mayar da hoton baya. A hankali dutsen da ke hoton ya ɗaga, tsagar ta rufe. Muryar ta kira sunaye ƙasa-ƙasa, waɗanda babu wanda ya taɓa ji. Sai yarinyar ta yi atishawa.

Rahmatu ta buɗe ido, ta shafa fuskarta, ta ji ta jiƙe sharkaf da hawaye.

"Baba," ta ce, "wa kuma ya rasu?"