Kaskon da Jatau Ya Ɗauke

Marka na tuƙa tuwo, rana ta yi ja a kan katanga, sai tsakuwa ta faɗo cikin tukunyar miya. Ta ɗaga kai za ta zagi yaran maƙwabta, ba ta ga ko ɗaya ba. Ta biyu ta faɗo, ta uku ta fasa bakin randa, kuma duk farare ne masu ƙyalli, irin waɗanda babu su a ƙasar Talata Mafara. Kaji suka yi tsit. Mijinta Jatau, da ke alwala kusa da turmi, ya tsinci ɗaya ya juya ta a tafin hannu, ya jefa a aljihu. Ya san inda irinta take.

Jatau direba ne a wajen Turawan da ke aikin madatsar Bakolori. Mutum ne mai son girma, kai, ko gaisuwa ma da ƙasaita yake amsa ta. Duk unguwa an san mahaifinsa Bawa a hanyar Makka ya rasu, a ƙafa, da carbi a hannu. Shi ya faɗa, kuma shekara ashirin yana faɗa.

Lahadin da ta wuce ya kai Turawa uku yawon buɗe ido wani gandun daji can bayan Maradun, inda ba komai sai rairayi da ƙaya da sawun barewa. Da suka gaji da ɗaukar hoto, suka ce ya kai su kufan garin da aka yi haƙar zinari a zamanin da. To, al'adar mahaƙan can ita ce, in rami ya rufta da mutum ba a tono shi. Daga bakin ramin ake masa salla, a kife kaskon ƙarfen da yake wanke ƙasa da shi a kan wurin. Wani Bature ya hango kasko ɗaya a gindin aduwa, duk ya yi tsatsa, ya tambaya ko na wani ne. Jatau ya yi dariya ya ce tarkace ne. Da hannunsa ya ɓamɓare shi ya miƙa, da hannunsa ya shimfiɗa musu tabarma a wurin suka ci abinci.

Kwana uku ana jifa, kullum da almuru. A na huɗu ɗiyarsa Nagode, 'yar shekara goma sha biyu, ta zauna a tsakar gida tana juya faranti kamar mai rairaya tsaba. Ta ƙi ci, ta ƙi magana, ko uwarta ba ta ganewa. Jatau ya ce zazzaɓi ne. Kunya ce ta ɗaure masa baki, wallahi, yana kallo yarinya tana ƙarewa.

Marka ba ta jira izininsa ba, ta aika garin Bakura aka zo da Malam Labaran mai ruƙiyya. Ya iso bayan la'asar, gida ya cika da maƙwabta har zaure, liman ma yana ciki. Malam ya zuba turare a garwashi, ya daɗe yana karatu, sannan ya dafa goshin yarinyar.

"Wane ne kai?"

Muryar da ta fito daga bakin Nagode ta tsoho ce, mai kaushi. "Maƙwabcin mamaci."

"Mi ya kawo ka gidan mutane?"

"An yaye man rufi. Shekara arba'in ina ƙarƙashin kaskon nan, ni da mai shi, ba mu taɓa kowa ba. A maido man abina."

Malam ya waiwayi Jatau. Kansa a ƙasa, Jatau ya ce Baturen ya tafi ƙasarsu da shi tun ranar Talata.

"To a yanka man baƙin bunsuru."

"Jini kam ba ka samu ga hannuna," in ji Malam. "Faɗi wani abu."

Yarinyar ta ci gaba da juya farantin.

"Shi faɗi sunan mai kaskon, da bakinai, gaban mutanen ga. In ya faɗi na tahi. In bai faɗi ba, ɗiyar tawa ce."

Jatau ya dubi liman, ya dubi mutanen da ke durƙusa masa in sun zo gaisuwa.

"Wani mahaƙi ne," ya ce a hankali.

Nan take wuyan yarinyar ya sanƙare, idanunta suka juye sai fari. Marka ta faɗi ta riƙe ƙafar Jatau.

"Maigida, don girman Allah! Ɗiyarka ce fa!"

Jatau ya cire hula. Ya zube a kan gwiwoyinsa cikin toka da kashin kaji.

"Bawa ne. Ubana ne. Bai taɓa taka hanyar Makka ba, ƙarya nake yi. Rami ya rufta da shi ina ɗan shekara tara. Ni na kife kaskon, ni kuma na ɗauke shi."

Nagode ta yi atishawa sau uku, farantin ya kuɓuce, ta sulale a jikin uwarta. Malam ya shafa addu'a. Mutane suka riƙa zarewa ɗaya bayan ɗaya, kowa idonsa a kan takalminsa, ba wanda ya yi wa maigidan sallama.

Can yarinyar ta buɗe ido, ta ga ubanta durƙushe a ƙasa ba hula, hawaye har gemu.

"Baba, wa ya rasu?"

"Kakanki," ya ce.