Askin Ranar Litinin

"Cire hular nan," in ji Chizuru.

Rikiya ya ƙara damƙe ta da hannu biyu. Ƙato ne mai kilo ɗari da goma, wanda a filin ragbi, wasan ƙwallon nan na ture-ture, sai mutum uku sun taru suke kayar da shi, amma ga shi a bakin tashar jirgin ƙasa yana ta noƙe-noƙe.

"Masoyiya, fara yi min alkawari ba za ki yi kuka ba..."

Ta yi ɗage ta fizge hular.

An kwashe gefen hagu tas, an bar tuntu a tsakiya, ƙeya kuma an tsaga mata layi biyu karkatattu. Kuma yau ɗin nan ne zai je neman aurenta wajen mahaifinta, mutumin da ya shekara arba'in yana aski a Osaka.

Al'adar ƙungiyarsu ce. Duk sabon ɗan wasan da sunansa ya fito cikin jerin masu buga wasa a karon farko, manya ne ke yi masa aski, kuma ba ya gyarawa sai an busa tashi daga wasan. Wasa sai Asabar, yau kuwa Laraba. Ba sai ta tambayi wanda ya riƙe injin ba. Hayami ne, wanda Rikiya ya karɓe wa gurbi da riga mai lamba uku, wanda kuma ya nemi soyayyarta ta ce masa a'a har sau biyu. Sarai ya san ranar, shi ya sa ya zage ya yi aikinsa.

Dama can mahaifin nata, Baba Kuwabara, ba ya son zancen. Yaron da ya ajiye aikin masana'anta don ya rungumi ƙwallo? Guiwa ba ta da fansho, in ji shi. Baba mutum ne mai ƙa'ida har ta yi yawa: ranar Litinin shagonsa a rufe yake, ko wane ne kai, ba ya taɓa kan kowa sai na 'yan gida.

A ɗakin da ke saman shagon, Rikiya ya durƙusa a tabarma, ya miƙa kwalin alewar da ya kawo. Baba ko kallon kwalin bai yi ba. Tashi ya yi ya zagaya shi a hankali, fuskarsa kamar ya tauna lemon tsami.

"Wane mugu ne ya yi wannan?"

"Manyana ne, ranka ya daɗe."

Bai kama suna ba.

"Sauko ƙasa. Minti goma sun ishe ni."

Zuciyar Chizuru ta yi tsalle. Baba da kansa! Ta ƙifta wa Rikiya ido, ta zungure shi da yatsa, amma sai ta ga ya kai goshinsa ƙasa ya ce a gafarce shi, ba zai iya ba sai bayan wasa.

Da da rami a ɗakin, da ta shige.

"Ko da na ce in ka fita a haka kada ka dawo?" in ji Baba.

"Zan dawo, ranka ya daɗe, har ku gaji da ganina. Amma na riga na ba mutanena magana, kuma su ne za su jingina da ni ranar Asabar."

Baba ya shanye shayinsa ya sauka shago.

A hanyar tasha ta zazzage masa duk abin da ke bakinta. Ta kira shi dutse, ta kira shi buhun shinkafa, sannan ta fashe da kukan da ta riƙe tun ɗazu, domin tana son sakaran nan fiye da yadda take iya faɗa.

Ranar Asabar ya buga minti sittin. Duk lokacin da ƙartin suka haɗa kafaɗu ana ture-ture, gefensa bai ja da baya ko taku ɗaya ba. Suka yi nasara da ƙyar. Har Hayami, daga benci, sai da ya tafa, ko da yake ba da ƙarfi ba.

Baba ya ce ba shi da lokacin kallon shirme. Sai dai mai sayar da kifi na maƙwabtansu ya tare Chizuru da ƙorafi: wai an bar shi a kujera da kumfa a gemu rabin sa'a, mai askin yana gaban talabijin yana ihun "Tura! Tura mana!"

Ta sami Baba yana share gashi a ƙasa. Bai ɗago ba.

"Ki gaya wa ƙaton nan ya zo in cire masa abin kunyar nan."

"Gobe, Baba? Lahadi akwai layi..."

Ya jingine tsintsiya, ya shiga goge madubin da babu ko ƙura a kansa.

"Wa ya ce gobe? Litinin."