Aljanar Ɗakin Mai Ɗinki

Magariba ta kawo jiki, wani kafinta yana alwala a bakin famfo, sai dutse ya faɗo a kan kwanon ɗakinsa. Wani ya biyo baya ya fasa gilashin taga. Kafin a idar da salla, ƴarsa budurwa tana kwance a tsakar gida, goshinta a fashe, tana dariya da muryar tsohuwa.

Gidan haya ne, ɗaki na kallon ɗaki. A na ƙarshe akwai mai ɗinki, bazawara, ita kaɗai. Kwanakin baya ɓarayi suka ɓalle ƙofarta, suka karya mata hannu da ƙarfe, suka ja ta a ƙasa da gashi, suka fita da keken ɗinkin. Ta yi ihu har muryarta ta dushe, babu ƙofar da ta buɗe. Da safe matan gidan suka yanke hukunci a wurin wanke-wanke: macen da ba miji, wa ya san wanda ta saba buɗe wa?

Jifan bai tsaya ba. Yarinyar ta riƙa buga kanta da bango, ta ciji uwarta har ƙashi. Aka ɗauko malami mai ruƙiyya, maza suka danne ta, ya yi karatu har gumi ya jiƙe masa riga.

"Wane ne kai?"

"'Wace ce ke' za ka ce. Mazaunina bayan ƙofar mai ɗinki."

Malam ya gyara zama. "To, kira mini mijinki. Da shi zan yi magana."

Hannun yarinyar ya murɗe baya a hankali, har aka ji ƙas. Uwar ta zube ƙasa.

"Ni ma ba ni da shi, malam. Sake tambaya, akwai ɗaya hannun."

Malam ya sassauta murya. "Me kike so, baiwar Allah?"

"Wuyan yarinyar nan."

"Ba ta yi miki komai ba. Ki ji tsoron wanda ya halicce mu da ke."

Mai ɗinki tana tsaye daga nesa, hannunta a ɗaure, ba wanda ya matsa mata wuri. Muryar tsohuwar ta sake fitowa daga bakin yarinyar.

"To, uban ya faɗi abin da ya yi a daren da ɓarayi suka shigo. Da ƙarfi. Sai in tafi."

Kafinta ya dubi maƙwabtansa, duk suka sunkuyar da kai.

"Na ji ihunta. Ni ta kira. Guduma na hannuna, na ajiye, na ƙara sakata. Na ce ba zan mutu a kan bazawara ba."

Yarinyar ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki. Malam ya tofa mata addu'a, ya ce aljanar ta fita.

Da ta buɗe ido ba ta nemi uwarta ba, ba ta kuma dubi karyayyen hannun ba. Ubanta ta zuba wa ido.

"Baba, ni ma in na yi aure aka sako ni, haka za ka yi?"